ZARE: Shekarar da Afirka ta ƙi zuwa Kofin Duniya

1/ Jiya a gidan kallo wani ya ce wai mu gode wa FIFA, ta yi mana alheri ta ba Afirka gurbi 9 a Kofin Duniya na 2026. Na so in ba shi amsa a wurin, hayaniya ta hana. To ga amsar a nan. Zaren yana da tsawo, kowa ya gyara zama. 🧵

2/ Abin da nake son nunawa shi ne: gurbin farko da Afirka ta mallaka a Kofin Duniya, ƙin buga wasa ne ya kawo shi. Waɗanda suka biyo baya kuma ƙuri'a ta kawo su a ɗakin taro. Kuma akwai 'yan wasan da aka biya wannan farashin da ƙuruciyarsu, yawancinmu ko sunansu ba mu taɓa ji ba.

3/ Mu fara daga tushe. Ƙasar Afirka ta farko da ta buga Kofin Duniya ita ce Masar, a 1934 a Italiya. Wasa ɗaya tak ta yi, Hangari ta cinye ta 4-2, ta koma gida. Daga nan sai da aka yi shekara 36 kafin a sake ganin wata ƙasar Afirka a gasar. Shekara 36 fa, jama'a.

4/ Wani ɓangare na dalilin a fili yake: yawancin ƙasashenmu suna hannun Turawan mulkin mallaka. Amma ko bayan an fara samun 'yanci, hanyar a toshe take. Dubi neman gurbin 1962: Gana ta fitar da Najeriya, Maroko ta fitar da Gana, sai aka ce wa Maroko ba ta gama ba, ta je ta kara da Sifaniya.

5/ Sifaniya ta ci gida da waje, shi ke nan. Wato ka doke kowa a nahiyarka, ladanka shi ne a haɗa ka da wata babbar ƙasar Turai, in ka faɗi nahiyar gaba ɗaya ta zauna a gida ta saurari rediyo. Haka tsarin yake, kuma masu tsarin ba su ga aibunsa ba.

6/ Su wa ke da tsarin? A 1961 aka zaɓi Sir Stanley Rous, Baturen Ingila, shugaban FIFA. Tsohon alƙalin wasa ne, shi ya busa wasan ƙarshe na kofin FA a 1934, ya kuma daɗe yana sakataren hukumar ƙwallon Ingila. Aƙidarsa ita ce kada a cuɗa wasa da siyasa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

7/ A ɓangarenmu kuma, an kafa CAF a 1957 a Kartum. Ƙasashe huɗu suka kafa ta: Masar, Sudan, Habasha da Afirka ta Kudu. Tun a gasar Afirka ta farko aka cire Afirka ta Kudu, saboda ta ƙi kawo tawagar da ta haɗa baƙaƙe da farare. Ka ga da rigimar siyasa aka yi wa CAF suna.

8/ FIFA ta dakatar da Afirka ta Kudu a 1961 saboda wariyar launin fata. Rous da kansa ya je ƙasar a farkon 1963 wai bincike, ya dawo da shawarar a ɗage dakatarwar, aka ɗage. Har hukumar ƙwallon ƙasar ta kawo shawarar ta tura tawagar farare zalla a 1966, ta baƙaƙe zalla a 1970. Ba wasa nake ba.

9/ To ka ga mutumin da yake cewa ba ruwan ƙwallo da siyasa, a aikace ya tsaya wa gwamnatin da ta raba filin wasa da launin fata. Shugabannin ƙwallon Afirka sun ga wannan da idonsu. Don haka ran da zancen rabon gurabe ya taso, da ma zuciya a cike take.

10/ Janairun 1964 FIFA ta fitar da rabon gurabe 16 na gasar 1966 a Ingila:
Turai: 10
Kudancin Amurka: 4
Arewaci da tsakiyar Amurka: 1
Afirka da Asiya da yankin Ostireliya, duka a haɗe: 1
Sake karantawa. Nahiyoyi uku, fiye da rabin mutanen duniya, kujera ɗaya.

11/ Ƙasashen Afirka 15 ne suka shiga neman gurbin, har da Najeriya, Gana, Kamaru, Sudan, Mali, Senegal, Gini, Maroko da Aljeriya. Za su kashe kuɗin jirgi suna zagaya nahiya suna fitar da juna, waɗanda suka rage kuma su je su kara da gwanin Asiya. Duk a kan kujerar nan guda.

12/ Nan Gana ta shigo labarin. Kwame Nkrumah ya ɗauki ƙwallo da muhimmanci fiye da yadda muke zato. A wurinsa Black Stars hujja ce da zai nuna wa duniya cewa baƙar fata zai iya riƙe kansa. Ya naɗa Ohene Djan daraktan wasanni na ƙasa, ya sakar masa kuɗi da iko.

13/ Kuma ƙungiyar ba ta baki ba ce. A 1962 sun yi 3-3 da Real Madrid a Akara, Madrid ta su Di Stéfano da Puskás. A 1963 sun ɗauki Kofin Afirka a gida, suka ci Sudan 3-0 a wasan ƙarshe. Kocinsu ɗan ƙasa ne, C.K. Gyamfi. A zamanin ne aka yi Baba Yara, wanda filin wasan Kumasi ke ɗauke da sunansa.

14/ Ohene Djan, wanda ya kai ga zama a kwamitin zartarwar FIFA, ya buga wa hukumar tangarahu yana ƙin amincewa da rabon. Abokin tafiyarsa a wannan faɗa shi ne Yidnekatchew Tessema na Habasha, wanda daga baya ya shugabanci CAF daga 1972 zuwa 1987. Buƙatarsu ƙarama ce: gurbi ɗaya cikakke na Afirka.

15/ Gurbi ɗaya fa, cikin 16. FIFA ta ƙi. A Yulin 1964 CAF ta zauna a Alƙahira ta yanke shawarar cewa in ba a gyara ba, ba mai bugawa. FIFA ta ɗauka barazana ce kawai ta sababbin ƙasashe. Zuwa Oktoban shekarar, duka 15 ɗin suka janye. Ko ɗaya ba ta zame ba.

16/ Wannan ne ya fi ba ni mamaki a duk labarin. Masu Faransanci, masu Turanci, masu Larabci, masu kallon Gabas da masu kallon Yamma a tsakiyar yaƙin cacar baka, duk suka tsaya a magana ɗaya. Da ƙasa ɗaya ta ce ita za ta buga, da ta samu hanya a buɗe, da ƙauracewar ta rushe. Ba a samu ba.

17/ FIFA ta ci su tara. A wannan Oktoban dai, a babban taron FIFA na Tokyo, ƙuri'un Afirka da na Asiya suka sa aka sake dakatar da Afirka ta Kudu, duk da Rous bai so ba. Nan aka fara gane wani abu: a zauren taron FIFA, ƙuri'ar Mali daidai take da ta Ingila. Ƙasa ɗaya, ƙuri'a ɗaya.

18/ Kujerar nan guda fa, wa ya ɗauka? Koriya ta Kudu ma ta janye, sai ya rage Koriya ta Arewa da Ostireliya. Aka buga wasa biyu a Kambodiya a Nuwamban 1965. Koriya ta Arewa ta ci 6-1, ta sake cin 3-1. Da wasa biyu kacal ta wakilci nahiyoyi uku.

19/ A Ingila kuma sai ta ba kowa kunya. Ta doke Italiya 1-0 a Middlesbrough, Pak Doo-ik ya ci, Italiya ta tattara ta koma gida tun a rukuni. A kwata fainal ta jefa wa Fotugal uku ba ko ɗaya kafin a yi minti 30. Masu cewa 'yan wajen Turai ba su iya ba suka yi tsit.

20/ Wa ya ceci Fotugal? Eusébio. Ya ci huɗu shi kaɗai, aka tashi 5-3. Ya gama gasar da ƙwallo 9, ya fi kowa. A ina aka haife shi? Lourenço Marques, wato Maputo ta yau, a Mozambik. Kaftin ɗinsu Mário Coluna ma ɗan Mozambik ne. A lokacin ƙasar tana hannun Fotugal.

21/ Kun gane abin? Gasar da aka ce Afirka ba ta isa a ba ta kujera ɗaya ba, ɗan Afirka ne ya fi kowa cin ƙwallo a cikinta, sanye da rigar ƙasar da ke mulkin mallakar garinsu. Duk ran da na tuna wannan sai in rasa dariya zan yi ko haushi zan ji.

22/ A 1968 FIFA ta sauko: Afirka gurbi ɗaya nata, Asiya da yankin Ostireliya ɗaya, daga gasar 1970. Zagayen ƙarshe na neman wannan gurbi ƙasashe uku ne: Maroko, Najeriya da Sudan. Maroko ta wuce, Najeriya ta zo ta biyu, a lokacin muna tsakiyar yaƙin basasa. Saura ƙiris da mu ne.

23/ Maroko ta je Meziko, ta fara jefa wa Jamus ta Yamma ƙwallo kafin a rama a ci ta 2-1, ta yi 1-1 da Bulgeriya. Wannan ne makin farko na Afirka a tarihin gasar. Amma kafin mu yi tafi, mu koma mu duba waɗanda aka bari a baya.

24/ Black Stars sun sake ɗaukar Kofin Afirka a 1965, suka ci Tunisiya 3-2 a gidanta. Tauraronsu a lokacin Osei Kofi ne, ɗan wasan gefe. Su ne zakarun nahiya sau biyu a jere, a daidai shekarun da ƙafarsu ta fi kaifi. Kofin Duniya na 1966 kuwa ba su ko nemi gurbinsa ba.

25/ Ba zan ce da sun je da sun ɗauko kofi ba, wannan zancen teburin mai shayi ne. Mai yiwuwa ma Koriya ta Arewa ta fitar da su. Amma damar gwadawa ita ce aka karɓe musu, kuma ba su suka yanke shawarar ba. Manya suka zauna a ɗaki suka yanke, 'yan wasa suka ji a gari.

26/ Ranar 24 ga Fabrairun 1966 sojoji suka kifar da Nkrumah yana kan tafiya ƙasar waje. Ohene Djan ya rasa muƙaminsa. Gana ba ta taka Kofin Duniya ba sai 2006, shekara 40 bayan gasar da ta jagoranci ƙaurace wa. Ƙasar da ta buɗe wa kowa ƙofa ta ga Maroko, Zayar, Tunisiya, Kamaru da Najeriya duk sun riga ta shiga.

27/ Kashi na biyu na labarin: ƙuri'a. Wani ɗan Brazil ya lura da darasin Tokyo fiye da kowa. João Havelange, tsohon ɗan ninƙaya da ya je Olamfik a 1936, ɗan kasuwa, shugaban hukumar wasannin Brazil a shekarun da suka ɗauki kofi uku. Ya ƙirga ƙuri'un Afirka ya ga sun haura 30.

28/ Ya zagaya ƙasashe fiye da 80 yana kamfe. Alƙawuransa: zai faɗaɗa Kofin Duniya, zai kawo gasar matasa, zai taimaka da horaswa da kayan wasa, kuma Afirka ta Kudu ba za ta dawo ba muddin akwai wariya. Rous kuwa yana zaune yana ganin aikinsa zai yi masa magana.

29/ Ranar 11 ga Yunin 1974 a Frankfurt, zagaye na biyu: Havelange 68, Rous 52. Karo na farko da wanda ba Bature ɗan Turai ba ya hau kujerar. Mako ɗaya bayan nan Yugosilabiya ta yi wa Zayar 9-0 a gasar, 'yan wasan suna rigimar alawus da hukumarsu. 'Yan jaridar Turai suka yi ta dariya. Amma ƙuri'a ta riga ta faɗa akwati.

30/ A yi wa mutumin adalci, ya cika da yawa. 1976 aka kori Afirka ta Kudu daga FIFA, ba ta dawo ba sai 1992. 1977 aka yi gasar matasa ta farko, a Tunisiya. 1982 Kofin Duniya ya koma ƙasa 24, Afirka ta samu 2. Gasar 'yan ƙasa da 16 da Najeriya ta ɗauka a Sin a 1985 ma daga wannan tsarin ta fito.

31/ Lissafin guraben Afirka:
1970: 1
1982: 2
1994: 3
1998: 5
2026: 9 kai tsaye
Ba na musun rawar fili. Tunisiya ta ci Meziko 3-1 a 1978, Aljeriya ta ci Jamus ta Yamma a 1982, Kamaru ta kai kwata fainal a 1990. Waɗannan sun ba wakilanmu bakin magana. Amma hannu ake ɗagawa a raba gurbi.

32/ Sai dai kuɗin cika alƙawuran daga ina? FIFA ta Rous ba ta da wani abin kirki a asusu. Havelange ya haɗa kai da Horst Dassler na Adidas, suka jawo Coca-Cola ta zuba kuɗi a shirin raya ƙwallo. Wanda aka ɗauka a 1975 ya kula da shirin sunansa Sepp Blatter. E, shi dai.

33/ Daga nan tsarin ya zauna: kamfanoni su ba FIFA kuɗi, shugaba ya raba wa hukumomin ƙasashe, hukumomi su mayar da ƙuri'a ran zaɓe. Havelange ya yi shekara 24, Blatter ya gaje shi a 1998 ya kai 2015. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Mun yi askin, ba sau ɗaya ba.

34/ Ƙarshen Havelange bai yi kyau ba. Kamfanin ISL da Dassler ya kafa, mai sayar da haƙƙin tallan Kofin Duniya, ya rushe a 2001. Takardun kotun Suwizalan da aka saki a 2012 suka nuna Havelange da tsohon surukinsa Ricardo Teixeira sun karɓi miliyoyi daga kamfanin. A 2013 ya ajiye muƙamin shugaban girmamawa.

35/ Abin ya iso har gida. A Nuwamban 2010 FIFA ta dakatar da Amos Adamu, ɗan Najeriya a kwamitin zartarwa, na shekara 3, bayan 'yan jaridar Sunday Times sun yi shigar burtu sun ɗauke shi a kan zancen ƙuri'ar masaukin gasa. Shi ya sa ranar da aka ba Rasha 2018 da Katar 2022, babu ƙuri'arsa.

36/ Kujera iri ɗaya da wadda Ohene Djan ya zauna a kai fa. Wannan ne ke ci mini rai. Makamin da aka yi amfani da shi aka kori wariyar launin fata daga ƙwallo, shi ne daga baya ya zama abin ciniki a ɗakunan otal. Turawa da 'yan Kudancin Amurka ma sun ci, har sun fi mu. Amma nasu ba ya wanke namu.

37/ Kafin wani ya ce to duk ƙauracewa jarumtaka ce, ga tamu. 1994 Super Eagles suka ɗauki Kofin Afirka a Tunisiya. Nuwamban 1995 gwamnatin Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas, Mandela ya fito ya nemi a hukunta Najeriya. Gasar 1996 kuma a Afirka ta Kudu za a yi ta.

38/ Gwamnati ta hana tawagar zuwa, ta ce dalilin tsaro ne. CAF ta ƙara mana da haramcin gasar 1998 ta Burkina Faso. Na san akwai masoya marigayin a nan, ba shari'ar mulkinsa nake yi ba. Lissafin ƙwallo nake: su Okocha, Kanu, Amokachi, Oliseh, Finidi sun rasa Kofin Afirka biyu a ganiyarsu.

39/ Kuma shaidar abin da aka rasa ta fito a shekarar: Agustan 1996 suka ɗauko zinare a Atlanta, bayan sun doke Brazil da Ajantina. Ba mu sake ɗaga Kofin Afirka ba sai 2013. Ta 1966 ƙasa 15 ne suka yi ta tare, da buƙata ɗaya a rubuce, aka samu gurbi. Ta 1996 fushin mutum ɗaya ce, ba mu samo komai ba.

40/ Abin da ya haɗa su biyun shi ne wanda ya biya. Osei Kofi a can, su Okocha a nan. Ɗan ƙwallo shekara goma yake da ita, in ya yi sa'a. Jami'in hukuma kuwa yana iya shekara talatin yana yawon taro. Duk shawarar da aka yanke a sama, daga shekarun na ƙasa ake cirewa.

41/ Yau CAF tana da ƙuri'a 54 cikin 211 na FIFA, sama da kashi ɗaya cikin huɗu. Ba wanda zai nemi shugabancin FIFA bai zagayo ta nan ba. Tambayar da ya kamata mu riƙa yi ita ce, me ake karɓo mana da su? Mu da ke iya jero 'yan wasan Arsenal har benci, mu nawa muka san yadda ake zaɓen shugabannin hukumar ƙwallonmu?

42/ Don haka ɗan'uwana na gidan kallo, in kana karantawa: gurbi 9 ba sadaka ba ce. Akwai ƙuri'a 54 a bayansa, akwai kasuwar masu kallo irinmu, akwai kuma ƙasashe 15 da suka ce a'a a 1964. In godiya za ka yi, fara da Ohene Djan da Tessema, da Black Stars ɗin da suka zauna a gida.

43/ Nan zan tsaya. In na yi kuskure a wata shekara ko wani sakamako, a gyara mini a ƙasa. A tura wa abokan musun ƙwallo. In an so, zare na gaba a kan Gijón 1982 ne, ranar da Jamus ta Yamma da Ostiriya suka yi 1-0 ɗin da ya kori Aljeriya.